Ajin Malam Lukumanu

Ran da Madam Akisi, shugabar ofis, ta kira Zinariya ta rufe ƙofa, ba ta yi wani kwana-kwana ba. Ta ce kamfani ya samu sababbin abokan hulɗa, masu jiragen ruwa da ke tasowa daga Legas da Tema ta Gana, kuma mutanen nan ba su jin Faransanci ko na gaisuwa. Teburin Zinariya shi ne teburin waya da teles, na'urar da ke karɓar saƙo a rubuce, don haka duk wanda zai zauna a kansa dole ya ji Ingilishi. An ba ta wata uku. Litinin ta farko a watan Yuni wakilin masu jiragen zai zo ya yi magana da ita. In ta iya, tebur nata ne. In ba ta iya ba, ta tattara nata ya nata.

Wannan a shekarar 1978 ne, lokacin da tashar jiragen ruwan Abijan ke cika tana batsewa. Zinariya ta shekara huɗu a wannan ƙaramin kamfani mai fitar wa 'yan kasuwa kaya, kuma ba wanda ya ba ta teburin nan kyauta. Daga share ofis da dafa kofi ta fara. Haihuwar unguwar Ajame ce, a makarantar Faransanci ta tashi, in ta yi fushi ma Faransanci ke riga Hausa zuwa bakinta. Maganar Madam ba ta tsorata ta ba ko kaɗan. Kafin a tashi aiki ta riga ta gano wata makarantar yamma a Filato, inda wata mata 'yar Gana ke koyar da Ingilishi na magana, irin wanda ake ɗaga waya da shi. Abin da ya rage kawai ta gaya wa mahaifinta.

Malam Awwalu tela ne a Barakodi, cikin Ajame, shagonsa na bakin titi, tsakanin mai sayar da aloko, wato soyayyar ayaba, da wurin da gbaka, ƙananan motocin haya, ke lodi. Ya saurare ta yana lanƙwasa bakin wando, da ta gama sai ya ce ai faɗuwa ta zo daidai da zama, ba sai ta je wurin baƙi ba, akwai malami a gida. Wani Malam Lukumanu ya zo daga Najeriya, Alhaji Ɗan'azumi ya buɗe masa aji a saman sitonsa na Tireshbil, kusa da tashar Basam. Zinariya ta fara bayanin cewa ita lokaci ne ba ta da shi, ya katse ta.

"Na riga na ba da sunanki."

Shi ke nan, magana ta ƙare. Mutanenmu na Abijan kuwa suna da wani imani da ba ka isa ka cire musu ba, wai duk wanda ya tsallako daga Najeriya da Ingilishi aka shayar da shi. Ko mai tallan goro ne, in dai ya ce daga can yake, sai a miƙa masa takardar magani a ce ya karanta. Ita kanta Zinariya, duk da bokonta, ba ta yi gardama a kan wannan ba. Ta ce to, malami dai malami ne.

Ajin wani ɗaki ne mai rufin kwano a saman siton kwanukan samira. Da la'asar zafi yake kamar gidan burodi, ga warin busasshen kifi yana hawowa daga tasha, ga 'yan kamasho suna kiran Basam, Basam, kamar za su tsage maƙogwaro. Ɗalibai shida ne. Alhaji Ɗan'azumi da kansa yana gaba a kujera mai hannu, sai magidanta huɗu, duk masu aiki a shagunan manyan unguwa, sai Zinariya ita kaɗai mace, a bencin baya kusa da taga. Malam Lukumanu siriri ne, ya ba arba'in baya, kullum cikin farin kaftani guda wankakke tas wanda wuyansa ya fara cinyewa. Littafi ɗaya gare shi, ba bango, an ɗinke bayansa da zare. Rubutu kuwa, kai, Allah ya ba shi hannu. In ya ja alli a kan allo sai ka ce injin buga takarda.

Ran farko ya rubuta kalmomi takwas a jere, ya ce duk maganar Ingilishi da ke duniya, tun daga ta sarakuna har ta 'yan dako, a cikin gidajen nan takwas take zaune. Nawun, furonawun, bab, ajektib, adbab, firifozishin, kwanjankshin, intajekshin. Ya ce nawun shi ne sunan mutum ko wuri ko abu, ya faɗi ma'anar da Ingilishi, aji ya amsa. Ya sake, aka sake. Zinariya ta ji daɗi. Ta san irin wannan rabe-rabe tun a makarantar Faransanci, ta lissafa a ranta cewa mako guda ya isa a gama da shi a shiga magana.

Ina! Malam yana da doka, irin ta makarantar allo: ba a wanke darasi sai an haddace, kuma ba a wankewa sai kowa ya haddace. Wannan ma da sauƙi. Babbar masifar ita ce dokar da ba wanda ya furta amma kowa ya sani, ba a wuce Alhaji. Mai ɗaki ne, dattijo ne, wa zai yi gaba ya bar shi a baya? Alhaji kuma, Allah ya ƙara masa lafiya, kansa ya cika da lissafin kwanuka, ba wurin da nawun zai zauna. Zai zo da goro a kumatu, ya amsa sau biyu, gyangyaɗi ya ɗauke shi. Ko a kira shi daga ƙasa wai ga direba ya iso, aji ya zauna jiransa. Ko ya tafi Buwake kwana biyar, a ɗan taɓa furonawun a ɓoye kamar masu sata, ya dawo ya ce shi fa an bar shi a duhu, Malam ya goge allo da gefen hannu a koma kan nawun.

Magidantan nan huɗu ko a jikinsu. Su dai an ce su zo, sun zo, sun huta da ɗaukar kaya na awa ɗaya da rabi. Zinariya kaɗai ke ƙirga kwanaki. Kullum sai ta bar ofis da gudu, ta zo ta zauna tana rera sunan mutum ko wuri ko abu tare da ƙatti, sannan ta yi kokawar shiga bas ta tsallaka gada zuwa Ajame, kanta na sarawa. Wata guda ya tafi. A cikinsa sau ɗaya tak suka kai adbab, shi ma don Alhaji ya yi zazzaɓi ne.

A mako na shida ta ɗaga hannu. Cikin ladabi ta ce, Malam, don Allah yaya mutum zai ce jirgi zai iso ran Alhamis? Malam Lukumanu ya yi murmushi, ya ce ba a kai nan ba tukuna, amma tambaya ce mai kyau, domin a cikinta jirgi nawun ne, Alhamis ma nawun ce. Alhaji ya gyaɗa kai ya ce ka ji ilimi. Zinariya ta cije leɓe har ta ji gishirin jini.

Ta kai kuka wurin mahaifinta. Ta ce Baba, wata ɗaya da rabi, ko ina kwana ban iya mayarwa a waya ba. Malam Awwalu ya ce ta yi haƙuri, karatu ba a yi masa gaggawa, kuma kada ta kuskura ta ba shi kunya a idon Alhaji. Ran da ta gwada ƙin zuwa, ko sallar magariba ba a yi ba labari ya riga ta isa Barakodi, don Alhaji in bai riƙe darasi ba yana riƙe kawuna. Uban bai yi mata faɗa ba. Ya dai ƙi cin abincin da ta kai masa, abin da ya san ya fi duka yi mata ciwo.

Da ta ga wata na biyu ya ƙare, sai ta saci jiki da tsakar rana ta hau Filato. Matar nan 'yar Gana ta karɓe ta da fara'a, ta ce ai da ta zo tun Maris da yanzu tana hira. Aji ya yi nisa, benci ya cika, sabon ɗauka sai Yuli. Zinariya ta tsaya a bakin titi, a cikin rana, tana zagin kanta da Faransanci. Ta sayi ƙaramin ƙamus, ta riƙa murɗa rediyo tana neman tashar Gana, amma abin da take ji kamar ruwa ne ke zuba a kwano.

Saura kwana tara, teles ya shigo da Ingilishi, layi biyar. Madam ta fita, ba mai karantawa. Zinariya ta kwafe shi harafi bayan harafi a takarda, ta ce yau kam ko Malam ya ƙi ko ya so sai ya yi mata amfani. Ta riga kowa zuwa aji. Ta same shi shi kaɗai, ya naɗe hannun kaftani yana share ɗaki. Ta gaishe shi, ta miƙa takardar, ta ce ba darasi take nema ba, so take kawai ya gaya mata abin da mutanen nan ke cewa.

Ya jingine tsintsiya, ya goge hannu, ya kai takardar bakin taga. Ya daɗe yana dubawa. Sai ya sa yatsa a kan kalmar farko ya ce wannan nawun ce. Ta biyu ya ce bab ce, ga alamarta a ƙarshe. Wannan 'yar ƙaramar firifozishin ce. Haka ya bi layin farko har ƙarshe, bai tsallake ko ɗaya ba.

"Na ji, Malam. Me suka ce?"

Ya koma layi na biyu, ya ce a nan akwai kwanjankshin, ita ce ta haɗa gaba da baya.

"Malam, jirgin ya taso ne ko bai taso ba?"

Yatsan ya tsaya. A ƙasa wani na ta danna hon. Zinariya ta dubi takardar, ta dube shi. Ta sake tambaya, a hankali wannan karon, ko ya san abin da aka rubuta.

"Iyakata ke nan, 'yata," in ji shi. "Abin da ke kan allon nan, shi ke nan abin da na sani."

Bai ɗaga kai ba ya ba ta labari. A aji biyar na firamare aka cire shi ya bi kawunsa fatauci. Abin da ya fito da shi daga makaranta shi ne kyan rubutu da wannan babi guda, wanda wani malami ya dasa musu da bulala. Abijan kuwa fata ya kawo, ruwa ya shiga kayan a hanya suka ruɓe, ya wayi gari ba jari ba hanyar komawa, ga mata da 'ya'ya uku a Zariya suna zuba ido. Aka ce ya koyar, shi kuma a gidan mutane yake ci yake kwana, bai ga bakin da zai ce a'a da shi ba. Kullum Alhaji ya dawo daga tafiya ya ce a koma farko, shi godiya yake wa Allah a ransa.

Wallahi da ita namiji ce, da ta shaƙe shi a wurin. Wata uku! Ta ce masa ya san ranar da aka yanka mata, ta faɗa masa tun ran farko, ta faɗa a gaban kowa. Yana kallonta tana zuwa kullum da gumi, yana kallonta tana rera shirme, bai taɓa jan ta gefe ya ce 'yar nan nemi wani wuri ba. Kalma nawa ce wannan? Wane gida cikin gidajensa takwas ya hana shi faɗinta? Ya ce dai ta yi wa Allah ta rufa masa asiri. Ta fizge takardarta ta sauka, ta yi karo da Alhaji a matakala, ko gaishe shi ba ta yi ba.

Ba ta hau bas ba ran nan. Da ƙafa ta tsallaka gada, tana tafe tana magana ita kaɗai, masu wucewa na kauce mata. Kafin ta kai Ajame fushin ya rabu biyu, rabi na Malam, rabin kuma ya zama tausayin ubanta. Dattijo ya yarda da mutum, ya ba da 'yarsa da zuciya ɗaya, ashe an yaudare shi. In ta faɗa masa yanzu, ina zai sa kansa? Ta yanke shawarar ta yi shiru har a gama gwaji. Kwana taran nan kullum da la'asar takan fita kamar mai zuwa aji, ta zauna a bayan ofis da ƙamus tana cusa kalmomi. Abin mamaki, wannan karon ba wanda ya kai ƙararta Barakodi.

Ranar Litinin wakilin ya zo, wani Mista Bankole, mutumin Legas, mai ƙiba da sanyin hali. Ya gaishe ta, ta amsa daidai, har Madam Akisi ta saki fuska. Sai ya ɗauki kan waya ya yi kamar yana kira daga jirgi, ya zubo magana. Zinariya ta tsinci kalmar jirgi, ta tsinci kalmar gobe, sauran duk suka wuce ta. Ya rage sauri, ya maimaita. Duk da haka ba ta gane ba. Mutumin bai so ya kunyata ta ba, ya ajiye waya ya tambaya, ta bakin Madam mai ɗan tsinta-tsinta, me ta koya a wata ukun. Ita kuma don baƙin ciki ta miƙe tsaye ta jero masa su takwas ɗin, kowanne da ma'anarsa, ba tuntuɓe ko ɗaya. Ya ce madalla, shi kansa ya manta rabinsu. Ya dubi Madam, Madam ta dubi tebur.

Takardar sallama ma an riga an buga ta, sa hannu kawai aka yi. Madam ta ce ta yi baƙin ciki, kuma da alama gaskiya ta faɗa. Zinariya ta kwashe kofinta da ɗan madubinta da takalmin da take sauyawa in an yi ruwa, ta zuba a jaka. Ko azahar ba a yi ba ta sauka daga gbaka a Barakodi.

Malam Awwalu yana kan keke yana ɗinke hannun wata riga. Ganinta a wannan lokaci ya ɗago, amma ƙafarsa ba ta bar fedal ba. Duk hanya ta shirya yadda za ta lallaɓa maganar don kada ta yi masa nauyi, da ta tsaya a gabansa sai duk shirin ya zube.

"Baba, an sallame ni. Kuma Malam Lukumanu bai iya Ingilishi ba. Yaudarar ku ya yi, kai da Alhaji."

Keken ya yi ɗinki kamar taƙi guda kafin ya tsaya. Tsohon ya ciro zare ya yanke da haƙori.

"Bai yaudare mu ba," ya ce. "Mun sani."

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba. Shi kuwa ya ci gaba, a natse, kamar mai bayanin awon riga. Tun ran farko mutumin ya gaya musu iyakar karatunsa. Su biyar suka zauna bayan sallar Juma'a a kan maganarsa. Baƙo ne, mai iyali, mai mutunci, in an ba shi sadaka ba zai karɓa ba, ya gwammace ya kwana da yunwa. Sai Alhaji ya kawo dabarar aji, don mutum ya ci abinci da sunan aikinsa, a kira shi Malam a titi. Aji kuma ba ya yiwuwa ba ɗalibai, aka ce kowa ya kawo mutum guda. Sauran suna da ma'aikata a shagunansu, suka turo. Shi ba shi da kowa sai ita.

Zinariya ta dafa teburin yanka. Ta ce amma ai ta gaya masa. Ta zo nan, nan wurin, ta ce masa aikinta ne ke cikin haɗari, ta ce masa ga makaranta ta samu.

"Na ji ki," in ji shi. "Amma na san kanki. Tun kina ƙarama ba abin da ya taɓa gagarar ki. Na ce ke ko ta yaya za ki tsinta a wani wuri. Shi kuwa ba shi da wani wurin."

"Na tsinci wurin, Baba. Kai ka hana ni zuwa."

A waje mai aloko na juya mai, wani direba na rantsuwa da Julanci. Ta jira ya ce ya yi kuskure, ta jira ko da kalma ɗaya. Sai ya miƙo hannu ya ce ta ba shi takardar sallamar ya gani, wataƙila in Alhaji ya je ya yi musu magana za su duba. Ta ba shi. Ya riƙe ta nesa da ido, ya matso da ita, ya juya bayanta. Malam Awwalu bai taɓa shiga makarantar boko ba, Faransancinsa na ciniki ne da gaisuwa. Ya daɗe yana kallon hatimin kamfanin, sannan ya mayar mata, muryarsa ta yi ƙasa.

"Me suka ce?"

Ta karɓa. Ta tsaya a tsakiyar shagon ta fara karantawa da ƙarfi, layi da Faransanci, sannan ta juya masa shi da Hausa, dalla-dalla, ba ta sassauta ko kalma ɗaya ba. Sun ce ta yi musu aiki shekara huɗu ba a taɓa samunta da laifi ba. Sun ce ba ta taɓa makara ba. Sun ce an ba ta wata uku cur ta shirya. Wani mai karɓar ɗinki ya leƙo, ya ji abin da ake ciki, ya ja da baya. Tsohon ya ɗaga hannu ya ce ya isa, uwata, ya isa haka. Ba ta tsaya ba. Saura layi huɗu, kuma sai da ya ji su duka, har kwanan wata da sunan wadda ta sa hannu.